Takardu Biyu a Kan Yagana

Da sunan Allah nake farawa. Matan layinmu a Abbaganaram sun dame ni da tambayar yadda muka ƙare da zirga-zirgar asibiti, ni kuma duk wadda na fara ba wa labari sai in ga na ƙara rikita ta, don ni kaina a rikice na yi watannin nan. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi daki-daki, ko wata mai yaro irin tawa za ta tsira daga wautar da muka tafka.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Maiduguri. Yagana ita ce 'yata ta fari, yanzu shekararta goma sha bakwai. Sunan surukata Hajja aka sa mata, don haka kunya ta zame mini biyu: ga ta 'yar fari, ga ta suruka. Ko wannan Yagana da ake kiranta da shi, a rubuce kawai nake iya faɗarsa. Tana shekara biyu sanƙarau ya kama ta a tsakiyar bazara. Allah ya tashe ta, amma ba ta dawo yadda take ba. Tafiya ta sake koyo, magana ta zo a makare, a firamare kuma ta yi shekara uku a aji ɗaya kafin malamin ya ce mu yi haƙuri mu ɗauke ta. Tun yaye Hajja ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke, amma ni da gefen ido nake kallonta, ita kuma Anti take ce mini kamar sauran yaran layi.

Haka muka zauna har bara, lokacin da idon Hajja ya fara yana, ta kuma zame a banɗaki ta bugu a gwiwa. Yayan maigidana, Ba Kura, manomi ne a Khaddamari. Da ya zo dubiya sai ya ce tsohuwa ba za ta iya da yarinyar nan ba kuma, in an gama girbi zai zo ya tafi da ita, gidansa da fili, mata kullum suna ciki, ƙofa a rufe. Da zuciya ɗaya ya faɗa, ban zarge shi ba. Amma na san in ta tafi, tabarma za a shimfiɗa mata a inuwa, a kanta za ta tsufa. Raina ya ƙi, bakina kuma ya kasa cewa komai, don uwa ba ta tsoma baki a zancen 'yar fari a gaban manya.

Wata maƙwabciya ce ta ba ni labarin wata cibiya da ke ɗaukar matasa irin su Yagana tana koya musu ɗinki da aikin hula. Sharaɗinsu ɗaya, a kawo takardar gwaji daga asibiti. Na lallaɓa maigida da ya dawo daga rumfarsa ta hatsi a Kasuwar Kwastam, shi kuma ya roƙi yayansa. Ba Kura ya ce to, in sun karɓe ta kafin girbi shi ke nan, in ba su karɓa ba maganarsa tana nan.

Makon farko a layi ya ƙare. Mun tari keke napep tun da hantsi bai yi ba, muka tarar da mutane har gindin darbejiya. Ranar farko kati kawai muka samu. Rana ta biyu likita ya gan mu, bai fi mu gaisa ba ya tura mu wajen wata Malama Saratu, mutuniyar wajen Biu, wadda aikinta ke nan, gwada irin waɗannan yara. Ta zaunar da Yagana ta ba ta wasu 'yan katakai da hotuna, suka daɗe. Daga nan ta ce yanzu saura wanda ya fi kowa saninta a gida. Hajja tana kwance da gwiwa, don haka ni aka tura ciki.

Tambayoyi ne ba iyaka, kowace kuma amsarta uku: tana yi da kanta kullum, ko sai an taimaka, ko ba ta yi. Tana wanka da kanta? Tana ɗaura zane? Tana wanke kwano? Ta san hanyar shago? Labule ne kawai tsakaninmu da masu jira, duk abin da na faɗa a kunnensu yake. A gidanmu na Kano ban taɓa jin uwa ta yabi ɗan fari ba, balle a gaban baƙi, a ja wa yaro baki. Sai bakina ya kama abin da ya saba.

"Ina fa, Malama."

"Wanke-wanke fa?"

"Wannan? Ai sai dai ci."

Ita kuwa baiwar Allah tana ta rubutawa. Ni a zatona ta gane irin maganar iyaye ce, za ta rage rabi ta rubuta rabi. Gaskiyar da ban faɗa mata ba kuma ita ce, rabin tambayoyin ban san amsarsu ba.

Mako na biyu takarda ta fito. Na kai wa shugabar cibiyar da murnata. Ta karanta, ta dube ni, ta ce ta tausaya mini amma ba su da ma'aikatan da za su riƙa kai yarinya bayan gida suna ba ta abinci a baki. Na ce wace yarinya? Tawa da ƙafarta take zuwa bayan gida. Ta juyo da takardar ta nuna mini da yatsa, ta ce to ga abin da mahaifiyarta ta faɗa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da Hajja ta ji, sai da ta tashi zaune duk da gwiwar. Ta ce na je na tona wa gida asiri, na zubar da jikarta a gaban duniya. Ba a tanka wa Hajja, kuma wannan karon da gaskiyarta. Mako na uku ta sa ɗanta ya rufe rumfa ya ɗauke ta a keke, da sandarta da turarenta. Aka yi rashin sa'a Malama Saratu ta yi tafiya, wani ma'aikacin ne ya karɓe su ya buɗe sabuwar takarda. Maigida ya ba ni labari yana dafe kai. Duk abin da aka tambaya, Hajja sai ta ce, "Kalewa, tana yi," wato lafiya lau da Barbarci. Tana girki? Tana yi. Tana zuwa kasuwa ita kaɗai? Tana yi. Ta san agogo? Sarai. Na ce kai kuma kana zaune? Ya ce to ya ƙaryata mahaifiyarsa a gaban baƙo?

Aka kai wannan ma cibiya. Shugabar ta ce mai wannan takarda ba tasu ba ce, lafiyarta ƙalau, mu kai ta wajen kowane tela a unguwa. Muka dawo gida da takardu biyu, ɗaya ta ce lalurarta ta yi yawa, ɗaya ta ce ba ta da lalura, dukansu kuma da hatimi. A lokacin gero ya fara fitar da kai. Ranar na kasa cin abinci, ina ta jujjuya takardun kamar in na daɗe ina kallo ɗaya za ta canja.

A cikin makon nan shawara ta yi ta shigo mana. Wata ta ce a koma wa rubutu, wata ta kawo hayaƙi a leda ta ce iska ce tun farko, wata kuma ta ce mu haɗa takardun biyu mu kai wa mai kwamfuta ya fitar da ta tsakiya. Allah ya gani, ta ƙarshen nan sai da na yi tunaninta.

Mako na huɗu Malama Saratu ta dawo ta sa aka kira mu ni da Hajja tare. Ta shimfiɗa takardun a tebur, ta cire tabarau.

"Mama, jikoki biyu ne masu suna ɗaya?"

Hajja ta ce ɗaya ce.

"To wa ke yi mata wanka?"

"Ni nake haɗa ruwa, in cuɗa mata baya, shi ke nan."

"Zane fa?"

"Ni nake ɗaura mata. Amma tana iyawa."

"Kin taɓa gani ta ɗaura?"

Hajja ta gyara mayafi ta kalli bango. Malama Saratu ta juyo kaina ta ce ni fa, na taɓa tsayawa na ga ta kasa? Ni ma na kalli nawa bangon. A nan ta faɗi maganar da har yau take kaina. Ta ce, "Ba abin da za ta iya nake tambaya ba, ba kuma abin da ya dace a faɗa ba. Abin da take yi nake tambaya, kuma a cikinku babu wadda ta sani." Ta ba ni sabuwar takarda ta ce in manna a bango. Mako biyu kowa ya naɗe hannu, a bar yarinya ta yi abinta, in banda wuta da tsallaka titi. Ni zan riƙa kallo ina sa alama, tunda Hajja ba ta karatun boko.

Na yi jinya iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa yin mai wuya kamar wannan ba, jinyar da aikinka shi ne kada ka yi komai. Ranar farko wanka ya ɗauki Yagana tun hantsi har rana ta take. Hajja ta zauna a ƙofar banɗaki ta danne hannuwanta da cinyoyi tana salati. Yarinya ta fito da riga a bai-bai, amma zanen nan ta ɗaura shi tsaf, har ya fi nawa zama. Na tsaya da biro a gaban bango na rasa gidan da zan sa alama. Ta sa riga da kanta, to, amma a bai-bai, wannan tana yi ne ko ba ta yi? Takalmi ta sa na dama a hagu, ta kuma yi tafiyarta har zaure. Kwano ta wanke fes, amma sai da na faɗa sau uku. Na kira Malama Saratu a waya har sai da na ji kunya, ita kuma kullum amsarta ɗaya, in rubuta yadda na gani.

Na ga abubuwa kuwa. Alwalarta ba gyara. Tsintar shinkafa ta fi ni, ko tsakuwa ɗaya ba ta wuce ta. Ba ta san agogo ba, amma ta san in an kira la'asar babanta ya kusa dawowa, ta kai masa buta ƙofa. Kuɗi kuwa duk ɗaya suke a wajenta, wanda ya fi sabunta shi ne babba. Sai na tsinci kaina ina jin daɗi da haushi a lokaci guda, daɗin abin da take iyawa, haushin shekarun da na yi ina kawar da kai. Rana ta biyar na kama Hajja a bayan ƙyaure tana ɗaura mata ɗankwali a ɓoye. Muka haɗa ido, ta ce ita gyarawa kawai take yi. Matan layi kuma suka fara cewa 'yar Kano ta sa marar lafiya bauta.

Rana ta goma sha biyu, da azahar, ina zaune ina kallonta tana alwala kamar yadda aka sa ni. Ta janye hannun riga, sai na ga wuyan hannunta ya yi jawur, fata ta saluɓe, har ya fara ruwa. Na kama hannun na duba. Da ƙyar muka gano cewa kwana uku da suka wuce ne, ranar da aka bar ta ta zuba shayi daga filas da kanta. Kwana uku tana wanke-wanke da hannun nan, tana tsintar shinkafa, ba wanda ya ji ko uhum.

Na ce, "Ke, ba zafi?"

Ta yi murmushi ta ce, "Kalewa."

Muka kwashe ta zuwa asibiti aka wanke aka sa bandeji, ma'aikaciyar tana ta yi mini faɗa a kan sakaci. Hajja ta ce ga abin da takardarku ta jawo, shekara goma sha biyar tana hannuna ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ranar saura kaɗan in ce wa maigida ya kira yayansa kawai a huta.

Da muka koma, Malama Saratu ta duba alamomina ta ce yanzu ta ga yarinya ɗaya. Ta rubuta takarda ta uku, wadda ta ce Yagana tana kula da jikinta, tana aikin gida in an tuna mata, tana buƙatar rakiya a titi da wajen kuɗi. Irin waɗanda cibiyar ke nema ke nan. Amma ta sa jan layi a ƙarƙashin tambaya ɗaya: in ta ji ciwo, tana faɗa? Ashe tambayar tana cikin takardun farko, ni na ce a'a ba tare da na sani ba, Hajja ta ce e ba tare da ta sani ba. Da muka kai takardar, shugabar cibiyar ta ce wajensu akwai dutsen guga da almakashi da allura, ba za ta ɗauki yarinyar da za ta ƙone ta yi shiru ba. Ta ba mu mako uku, in an ga ta fara faɗa a dawo.

Na koma wajen Malama Saratu na ce, don Allah yaya ake koya wa mutum ya ce da ciwo? Akwai magani ne? Ta ce babu. Sai ta tambaye ni, a gidanmu wa ke cewa da ciwo? Sai na shiga lissafi a raina. Hajja gwiwarta ta kumbura kamar ƙwarya, amma duk wanda ya gaishe ta kalewa ne. Maigida yana dawowa daga ɗaukar buhu a dafe da ƙugu, ya ce alhamdulillahi. Ni kaina haihuwa biyar na yi da zane a tsakanin haƙora don kada a ji muryata. Malama Saratu ta ce yarinyar nan da ido take koyo, ba da wa'azi ba, abin da ta gani ta ɗauka. Mu koma gida kowa ya riƙa faɗin ciwonsa da ƙarfi a gabanta, ya nuna wajen, wani kuma ya taso ya duba.

Ni na fara, ina jin kaina kamar mai wasan kwaikwayo. In na yanke da wuƙa sai in ɗaga yatsa in ce, "Nan, da ciwo," maigida ya zo ya duba da fuskar gaske. Shi ma in ya shigo sai ya tsaya a tsakar gida ya sanar da bayansa. Hajja ta ce ita ba za ta tsufa ta koma raki ba, ta kafe kwana huɗu. Rana ta biyar da safe, Yagana tana share ɗaki, sai na ji tsohuwa ta yi gyaran murya ta ce, "Gwiwata tana ciwo," kamar ana zaro maganar da igiya. Kafin azahar labari ya zaga layi, mata suka fara shigowa da kunu suna wushe wushe, wato sannu sannu, wai sun ji duk gidan a kwance muke. Na rasa yadda zan yi musu bayani, sai na karɓi kunun.

Yagana kuwa abin ya zame mata nishaɗi. Duk wanda ya ce da ciwo sai ta ruga ta kawo ruwa, ta shafa wa Hajja man zafi a gwiwa tana dariya. Amma ita ko sau ɗaya. In na wanke mata ƙunar, ina gani tana runtse ido, in tambaya, ta ce kalewa. Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Ba Kura ya kira ya ce sun gama yankan gero, ranar Asabar yana tafe da mota. Na daina sanin ko abin da muke yi magani ne ko hauka.

Ranar Laraba bayan la'asar ina yanka alayyafo a tsakar gida, sai na ga inuwarta a kaina. Ta daɗe a tsaye. Daga nan ta durƙusa ta kama yatsana, da danshin ganyen da komai, ta ɗora a kumatunta na hagu.

"Anti, nan."

Na ce, "Nan me?"

Ta kalli ɗakin Hajja, ta kalle ni, ta rage murya kamar mai faɗin laifi. "Da ciwo."

Na ajiye wuƙa na ce ta buɗe baki, na juya ta wajen haske. Haƙoran tauna biyu na can ciki sun yi baƙi sun yi kogo, dasashin ya kumbura ya rufe rabin ɗaya. Ban san lokacin da na fara kuka ba, har ta tsorata ta ce ta daina, ba ciwo. Na riƙe fuskarta na ce a'a, da ciwo, ta faɗa daidai, ta ƙara faɗa.

Washegari aka cire su duka biyu. Daga wajen likitan haƙori muka wuce cibiya da auduga a bakinta, shugabar ta tambaye ta da kanta ko akwai inda ke mata ciwo, ta nuna kumatu. Aka rubuta sunanta, gwajin zango ɗaya. Da Ba Kura ya zo ranar Asabar ta gaishe shi, ta kuma nuna masa wajen ba tare da ya tambaya ba. Ya sha ruwa, ya sauke mana buhun gero, ya ce to a gwada, ya koma shi kaɗai.

Ina gode wa Allah, ina gode wa Malama Saratu da ba ta kore mu ba, da Hajja da ta sauke girmanta don jikarta. Layin asibiti kuwa Allah ya kawo sauƙinsa, don ya cinye mana kwanakin kasuwa ba kaɗan ba. Duk wadda aka kira don irin waɗannan tambayoyi, ta ajiye kunya da rufin asiri a ƙofa, abin da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba.

Mata suna ta yi mini barka, ni kuma har yanzu ban san fuskar da zan karɓa da ita ba. Likitan haƙori da ya leƙa bakinta ya ce wannan ya fi shekara yana cin ta. A cikin shekarar nan kullum da safe tana zuwa ƙofar ɗakina ta durƙusa ta gaishe ni, in ce ta tashi lafiya, ta ce lafiya lau, ni kuma in ce madalla ba tare da na ɗago kai ba.